Daga Tzaneen zuwa Levubu: abin da na gano a gonakin fiya, mangwaro da makadamiya

A ƙarshen watan Fabrairun 2024 na bar Kano, azumi na ƙaratowa. Jirgin Habasha na bi, muka yada zango a Addis Ababa, daga nan muka miƙe Johannesburg. Biza ta ci mini lokaci da kuɗi fiye da yadda na tsara, amma a filin jirgi abin da aka fara tambayata shi ne katin rigakafin shawara. Duk mai shirin zuwa Afirka ta Kudu daga Najeriya ya riƙe katin nan a aljihun gaba. Ni mai lambun mangwaro ne a wajen Zariya, kuma na daɗe ina jin labarin yadda manoman lardin Limpopo ke noman itatuwan ƙasashe masu zafi a ƙasar da take da sanyin hunturu na gaske. Ɗan yayata da ke karatu a Pretoria shi ya yi ta matsa mini: "Kawu, ka zo ka gani da idonka, waya ba za ta isar ba."

Shi ya tarbe ni. Muka kwana a Mayfair, unguwar da Musulmi suka yi yawa, Indiyawa da Somalawa da mutanenmu na Afirka ta Yamma, inda ba ka da fargabar naman da za ka ci. Da na tashi sallar asuba ya juya mini darduma. Alƙibla a can arewa take kallo, da ɗan karkata gabas. Mun canji kuɗi, rand ɗaya a lokacin wajen naira 80, saboda haka duk abin da na saya sai zuciyata ta yi lissafi ta tsinke. Muka ɗauki hayar ƙaramar mota, shi ke tuƙi, domin hannun hagu suke bi kuma ban yarda da kaina a kan haka ba.

Babbar hanyar N1 ita ta ɗauke mu zuwa arewa. Hanya ce sumul, sai dai ba kyauta ba: Carousel, Kranskop, Nyl, kowace ƙofa sai ka biya kafin sanda ta ɗaga. Gaban Kranskop muka tarar da shingen 'yan sanda. Wata jami'a ta karɓi lasin yaron, ta duba takardar da ke manne a gilashi, sannan ta nemi fasfona. Ta daɗe tana juya shafukan, ta tambayi abin da ya kawo ni. Na ce manomi ne ni, gonakin mangwaro zan je gani. Ta kalle ni, ta kalli fasfon, ta yi dariya, ta ce mahaifiyarta ma a gonar ayaba ta yi aiki har ta tsufa. Ta miƙo mini, muka wuce. Ba wanda ya nemi na goro.

A Polokwane muka saki N1 muka kama R71 zuwa gabas. Mun wuce Moria, hedikwatar cocin Zion Christian Church (ZCC), inda tauraro yake zane a jikin dutse. Har zuwa nan ƙasar ba ta ba ni mamaki ba, ciyawa ce da ƙaya da duwatsu. Sai da muka wuce Haenertsburg muka fara gangara Magoebaskloof. Hazo ya rufe mu da rana tsaka, ba hazon ƙura irin namu ba, mai jiƙa gilashi. Sanyi ya shigo motar har na laluɓo rigar sanyi. Hanyar na murɗawa tsakanin dazuzzukan turare da fain da aka shuka layi-layi, manyan motocin katako na rarrafe a gabanmu. Kunnuwana suka toshe. Cikin abin da bai kai awa guda ba muka sauko daga wannan sanyi zuwa wata duniya mai ɗumi da laima, ayaba dama da hagu, jar ƙasa, ƙanshin ganye jiƙaƙƙe. Tzaneen ke nan. Dutsen da muka sauko daga kansa shi ne sirrin garin: yana tare iska mai ruwa da ke tasowa daga tekun Indiya, ruwan ya zuba a gindinsa, ya taru a madatsun Ebenezer da Tzaneen, kogin Letaba ya rarraba shi ga gonaki.

Masaukinmu gidan wata dattijuwar Baturiya ne, ɗaki mai gado biyu a rand 750 kwana ɗaya. Tana miƙo mabuɗi ta miƙo jadawalin ɗauke wuta, wanda suke yi bisa tsari a lokacin, awa kaza zuwa awa kaza, kuma da lokacin ya yi sai wutar ta tafi, da ya cika ta dawo. Abinci kuwa tuwon masararsu muka dimanta, fari fat mai tauri, da miyar ganye da kazar da muka saya a shagon wani Ba'indiye kusa da masallaci. Kusa da kowane faranti akwai aca, wato ɗanyen mangwaro da aka yayyanka aka jiƙa da mai da barkono da kayan yaji. Na ci ina ganin kayan marmari ne kawai. Sai daga baya na gane babbar kasuwa ce.

Wurin farko da muka shiga gidan rainon dashen fiya ne. Kafin mu taka ƙofa aka sa muka tsoma takalmanmu a wani kwano mai ruwan magani, motar ma sai da tayoyinta suka bi ta cikin rami mai irin wannan ruwa. Matar da ke zagayawa da mu ta hana ni taɓa ko ganye ɗaya. Duk dashen a kan teburan ƙarfe suke, ba wanda ya taɓa ƙasa. Dalili shi ne cutar ruɓewar saiwa, wadda ake kira Phytophthora, da ke tafiya a cikin ruwa da taɓon takalmi. Fiya ba ta jure jiƙar ƙafa. In ruwa ya kwanta a gindinta kwana biyu, cutar ta samu ƙofa, bishiya ta fara zubar da ganye daga sama har ta bushe a tsaye.

Labarin yaƙi da cutar nan a Tzaneen aka yi shi. Akwai wata tsohuwar gona mai suna Westfalia, wadda Dokta Hans Merensky ya saya a 1929. Shi masanin duwatsu ne, shi ya gano jijiyar ma'adinin filatinom da ke ɗauke da sunansa har yau, ya zuba dukiyarsa a gyaran ƙasar da zaizaya ta cinye. A wannan gona masu bincike suka fito da dabarar yi wa bishiyar fiya allura a kututture da maganin fosfonet, daga nan kuma aka samu wani irin saiwa mai suna Dusa, mai jure cutar. Yau manomi ba ya shuka ƙwallon fiya ya jira ikon Allah. Yana sayen dashen aure: ƙasa saiwar da aka zaɓa don juriya, sama reshen irin fiyar da ake so, Hass ko Fuerte ko Pinkerton ko Maluma, irin da aka gano a Levubu. Na ga yadda suke auren. Wata yarinya da aska a hannu ta fere reshe kamar bakin alƙalami, ta tsaga kan dashen, ta soke, ta naɗe da leda, duk kafin in gama gyara tabarau. A lokacin dashe ɗaya ya haura rand 100, kuma sai ka yi odar shekara guda ko fiye kafin a ba ka. Na tuna yadda muke tsayawa bakin titi mu sayi dashe a leda, mai sayarwa ya rantse mana cewa mai aure ne, sai bayan shekara biyar gaskiya ta fito.

Manomin da ya karɓe mu a gonarsa Bature ne ɗan ƙabilar Afirkana, jajir da rana, da gajeren wando. Bishiyoyinsa a kan kunya suke, kunya mai tsayi har gwiwa, saboda ruwa ya tsiyaye. Ƙananan an shafe musu jiki da farin fenti don kada rana ta ƙone ɓawon. Ya durƙusa ya nuna mini wani bututu da aka binne a ƙasa mai auna laima, yana aika saƙo zuwa wayarsa. Ba ya buɗe ruwa sai na'urar ta ce ƙasa ta sha iska, domin ruwansa na da ƙa'ida, ana auna masa, in madatsa ta ja baya a rage wa kowa. Na tambaye shi babban abin tsoronsa. Ya ce ƙanƙara daga sama da jaura daga ƙasa. A watan Yuni da Yuli sanyi kan gangaro cikin dare ya kwanta a kwari, ya ƙone furen da ƙananan dashe, shi ya sa ba ya shuka fiya a ƙasan gonar. Ƙanƙara kuwa minti goma sun isa ta mayar da amfanin shekara kayan matsar mai.

Fiya ba ta nuna a kan uwa. Sai an tsinke ta take laushi, kuma wannan hali nata shi ya ba su damar kai ta Turai. Kafin a fara tsinka ana gwada 'ya'yan a ga ko sun ƙosa. Daga gona zuwa gidan tantancewa, a wanke, a ware bisa girma, a zuba a kwali mai kilo 4, a sanyaya, a loda a kwantena mai firji, mota ta ja ta fiye da kilomita 1,500 zuwa tashar jirgin ruwa ta Cape Town, ta yi makonni a teku kafin tashar Rotterdam ta ƙasar Holland. Ya ce in sanyin ya katse sau ɗaya a hanya, shi ke biyan asarar. Na yi tunanin fiyar Jos da ta Mambila, manya masu daɗi, da ake cusawa a buhu a ɗora wa buhu.

Amma ni mangwaro ya kawo ni, don haka muka gangara kudu maso gabas zuwa Hoedspruit, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Nan zafi ya tarbe mu irin wanda na sani. Gari ne a gefen gandun dajin Kruger, katangun gonaki duk da wayar lantarki, ba don ɓarayi kaɗai ba, har da gwaggon biri da dorinar ruwa. Ruwan gonakin daga madatsar kogin Blyde yake zuwa ta cikin bututu. Lokacinsu kishiyar namu ne: mangwaronsu na fara nuna a Disamba da Tommy Atkins, ya ƙare wajen Maris da Kent da Keitt. Mun riski wutsiyar kaka.

Abin da ya fara tsayar da ni tsayin bishiyoyin ne. Ba wadda ta fi ƙarfin mutum da ɗan tsani. An jera su kusa da juna, ana aske su kowace shekara da zarar an gama tsinka, sama da gefe, har rana na ratsa cikinsu. A wurinmu girman bishiya abin alfahari ne, ana sha mata inuwa, yara su hau su girgiza, a kaɗo da gora, abin da ya fashe ya fashe. A can ba mangwaron da ke taɓa ƙasa ya shiga kwando. Na tsaya kusa da wata mata ina kallon hannunta. Da almakashi take yanke shi, ta bar masa dogon hannu. A bakin layi wata ta karɓa, ta karya hannun, ta kife mangwaron a kan raga kansa ƙasa, ƙaron ya ɗiga ya ƙare. Ƙaron nan in ya bi jikin ɓawo sai ya ƙone shi ya bar baƙin zane, mai kanti ya ƙi saya. Shekara nawa ina ganin wannan zane a mangwaron da ake saukewa a kasuwar 'Yan Lemo, kowa na ɗauka haka Allah Ya yi shi.

Shugaban ma'aikatan, wani dattijo Batsonge, wato ɗan ƙabilar Tsonga, ya bayyana mini cewa sanyin da ke tsorata mai fiya shi ke yi wa mai mangwaro aiki. Daren hunturu mai sanyi da bushewa shi ke sa bishiya ta daina fitar da ganye ta yi fure, kuma duk gonar ta yi shi kusan lokaci guda. Na ce masa ai mu ma haka hunturu ke mana, Disamba zuwa Janairu, iska ta bushe, dare ya yi sanyi, mangwaro ya yi fure. Muka tsaya muna gyaɗa wa juna kai. Ta fuskar yanayi ba su fi mu da komai ba. In ma zaƙi ne, ban ɗanɗana abin da ya kamo Binta Suga ba a duk tafiyar, kuma na faɗa masa haka.

Inda suka bar mu shi ne abin da ke biyo bayan fure. A kowane layi akwai tarkon ƙuda rataye, roba mai ramuka da maganin da ke jan namijin. Ƙudan nan da ke sa tsutsa a cikin mangwaro shi ne dai wanda ya addabe mu, baƙo ne daga Asiya da aka fara gani a Kenya a 2003 ya bazu nahiyar. Kowane mako ana buɗe tarkon a ƙirga abin da ya kama a rubuta, lissafin ne ke nuna ko za a yi feshi. Kuma akwai mutanen da aikinsu kawai tsince abin da ya faɗo, a kai rami a binne da zurfi, saboda a cikin ruɓaɓɓen tsutsar ke girma ta shiga ƙasa ta fito ƙuda. Dattijon ya ce in maƙwabcinka bai tsince nasa ba, kai ma ka yi aikin banza, shi ya sa manoman yankin ke sa wa juna ido.

Sai kuma maganar kasuwa, wadda ita ce ta hana ni barci a daren. Mangwaron Afirka ta Kudu kaɗan ne ke fita waje. Mafi yawansa a gida yake ƙarewa, amma ta ƙofofi daban-daban. Tun yana ɗanye, kafin ƙwallon ya yi tauri, ana rage wa bishiya kaya a sayar wa masu aca, kuɗi ya fara shigowa watanni kafin kaka. Mai kyan gani ya tafi kantuna da kasuwar Johannesburg. Mai tabo ya tafi wurin busarwa. Wanda ya nuna ya wuce misali ya tafi wurin matsar ruwa. Mun shiga wani gidan busarwa: mata jere da farar hula da safar hannu, suna fere suna yankawa suna shimfiɗawa a faranti, a tura ɗakin zafi ya kwana. Abin da ya fito zai yi watanni bai lalace ba. Manomin ya san ƙofar da kowane kwando zai bi tun kafin ya tsinka, wasu ma tun kafin su dasa. Mu kuwa Afrilu na yi Paparanda da Ɗan Kamaru da sauran su sauka kasuwa rana ɗaya, dillali ya taya yadda ya ga dama, domin ya san ba ka da inda za ka kai shi gobe. Wannan ya fi ƙona mini rai fiye da duk na'urorin da na gani, saboda rana muna da ita, hannun aiki muna da shi, mangwaron ma ya fi yawa.

Daga nan muka koma arewa ta Tzaneen da Mooketsi, ƙasar tumatir, zuwa Louis Trichardt, muka karkata gabas a gindin duwatsun Soutpansberg zuwa Levubu. Nan na fara ganin makadamiya. Bishiya ce mai duhun ganye, asalinta daga Ostareliya, amma a lokacin Afirka ta Kudu ce kan gaba a duniya wajen nomanta. 'Ya'yan na rataye a zangarniya, kore, in sun ƙosa su faɗo da kansu. An share gindin bishiyoyi tas ana jiran kaka a Maris. Manomin da ya karɓe mu a nan ya ɓare mini koren ɓawon, ya miƙo ƙwallon mai santsi ya ce in gwada haƙori. Na ƙi. Ya sa ta a wata matsa ta ƙarfe ya murɗa har ta yi ƙara, farar tsoka ta fito, mai maiƙo da garɗi. Ta biyu da ya fasa tana da ɗigon ruwan kasa a gefe. Ya ce aikin wani ƙwaro ne mai wari da ke soka baki tun tana ƙarama. Daga waje ba ka gani, amma masana'anta na ɗibar samfuri ta fasa, kuma a kan lafiyayyar tsoka kaɗai ake biyansa.

Fuskarsa ba ta da walwala. Shekaru da yawa farashi na hawa, Sin na saye da ɓawonta, kowa ya tumɓuke ayaba da gwaba ya dasa makadamiya, wasu da bashin banki. Bishiyar ba ta fara ba da abin kirki sai ta shekara huɗu zuwa biyar. Kafin sababbin gonakin su kama, farashi ya faɗi warwas a 2022 da 2023. Ya nuna mini gonar maƙwabcinsa da ciyawa ta fara cinyewa. Ga ɓarayi da ke shiga da buhu cikin dare. Na zo da tunanin ko za a gwada ta a Mambila. Ko da ƙasar ta karɓe ta, ba mu da masana'antar fasawa ko rumbun busarwa, kuma ita dole a cire mata koren ɓawo cikin kwana guda da tsincewa a fara busarwa.

A Levubu ba a daɗewa ana hira ba a zo kan ƙasa ba. Kwarin nan na Bavenda da Batsonga ne kafin a tashe su a ba Turawa. Bayan dokar mayar da filaye ta 1994, al'ummomi irin su Ravele da Masakona da Tshakhuma sun karɓi gonaki da dama. Wani matashi da ke kula da ɗaya daga cikin gonakin al'umma ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa shekarun farko sun yi ɗaci: an haɗa su da kamfanonin da za su riƙa gudanarwa, haɗin ya watse, itatuwa suka sha ƙishi. Wasu gonakin sun farfaɗo, wasu har yau. Ya ce gonar itace ba ta jiran a gama taro, in aka rasa ban ruwa da feshi na kaka ɗaya sai an yi shekaru ana biya. Ma'aikatan da na gani a ko'ina baƙaƙe ne, mata sun fi yawa, da 'yan Zimbabuwe da Mozambik a cikinsu. Muna can mafi ƙarancin albashi ya koma rand 27.58 a awa daga 1 ga Maris. Na lissafa da naira na ga kamar da yawa, sai da na shiga kanti na ga kuɗin garin masara da man girki.

Zangonmu na ƙarshe kasuwar Tshakhuma ce, a bakin hanyar Thohoyandou. Rumfuna ne jere, kusan duk na mata, kuma ba a rufewa dare da rana. Ayaba, fiya, mangwaro, gwanda, gyaɗa, makadamiya a ƙulle a leda, da busassun tsutsar mopane a kwano, waɗanda na gode na wuce. Wata dattijuwa ta kira ni da hannu, yaron ya gaishe ta da harshensu, ta amsa tana ɗan rusunawa. Ta tara fiya a roba ta ce rand 30. Na taya 20 bisa al'ada, ta riƙe baki, ta ce wa yaron ya faɗa wa babansa nan ba a haka. Na biya, ta ƙara mini biyu gyara. Kayanta daga gonakin nan suke, waɗanda ba su cika sharaɗin kwali ba, wasu kuma daga bishiyoyin bayan gidanta. Ta ce da wannan rumfa ta kai 'ya'ya biyu jami'ar Venda.

Mun dawo ta N1, muka biya a ƙofar Capricorn, muka ɗan tsaya a alamar layin da ya raba yankin zafi da na kudu da shi. Mota da mai da kuɗin ƙofofi su suka fi cin aljihuna, sun fi masauki da abinci a haɗe. Na so in taho da rassan Keitt don aure, yaron ya hana ni: "Kawu, ba a ƙetare iyaka da ɗanyen reshe sai da takardar hukumar killace tsirrai, can da nan." Na bar su. Na cika jaka da busasshen mangwaro da kwalaben aca biyu da tarkon ƙuda guda ɗaya da ba a sa masa magani ba, don in nuna wa masu yin roba a Kano ko za su iya kwaikwayonsa. A filin jirgin Malam Aminu Kano jami'in da ya buɗe jakar ya ɗaga tarkon yana juyawa, ya tambaye ni ko fitila ce. Na yi masa bayani, ya ce shi ma yana da bishiya shida a gida kuma bara duk tsutsa ta cinye, ya karɓi lambata.